Na sha maganin zubar da ciki, jini bai zo sosai ba, ga ciwon mara: in ƙara sha?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce, shekaruna 29, 'ya'yana uku. Na ƙarshen watansa 8, kuma da tiyata aka ciro shi. Tun da na haihu ban ga al'ada ba, na ɗauka shayarwa ce ta riƙe ta, sai da laulayi ya taso min na yi gwajin fitsari, na ga ciki ne. Hankalina ya tashi, don likita ya ce in huta shekara biyu kafin wani. Wata ƙawata ta kawo min ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba kwali ba takarda, ta ce na zubar da ciki ne, ita ma su ta sha. Yau kwana 6 da na sha. Jini ya zo kaɗan-kaɗan, bai ma kai na al'ada ba, tashin zuciya bai daina ba, marata tana ciwo ta gefen dama, jiya da na miƙe jiri ya kwashe ni. Ƙawar tawa ta ce in ƙara sha, wai bai isa ba ne. Maigidana bai san komai ba, kuma ina tsoron asibiti kada asirina ya tonu. In ƙara sha? Kuma da gaske ne maganin yana hana haihuwa har abada?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ajiye sauran wasiƙu na fara da taki, domin taki ba ta jira. Kada ki ƙara shan ko ƙwaya ɗaya. Ki samu wanda zai riƙe miki yara, ki tafi asibiti yau ɗin nan, asibitin da ke da na'urar hoton ciki da ɗakin tiyata. Kada ki tafi ke kaɗai, kada kuma ki tuƙa kanki. In ciwon ya ƙaru, ko kika ji kamar za ki suma, ko kafaɗarki ta kama ciwo haka kawai, to ko tsakar dare ne a kai ki sashen gaggawa. Sauran abin da zan faɗa ki karanta shi a hanya.

Abin da ya tayar min da hankali abu uku ne da kika jera a layi ɗaya: jini kaɗan, ciwo a gefe guda, da jiri. Duk ma'aikaciyar lafiyar da ta ji su tare daga bakin mace mai ƙaramin ciki, abin da zai fara zo mata shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ƙwan mace yana haɗuwa da maniyyi ne a cikin wani siririn bututu da ya taso daga ma'ajiyar ƙwai zuwa mahaifa, daga nan ya gangara ya dasu a mahaifa. Wani lokaci sai ya maƙale a bututun ya fara girma a can. Wannan yana faruwa a kusan ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100. Bututun ba ya buɗewa kamar mahaifa, don haka idan cikin ya girma sai ya fasa shi, jini ya riƙa tsiyaya a cikin ciki inda ido ba ya gani. Mace za ta duba auduga ta ga ɗigo biyu ta ce ai da sauƙi, alhali jininta yana taruwa a ciki. Jirin nan daga can yake iya fitowa, haka ma ciwon kafaɗa, don jinin da ya taru yana taɓa jijiyar da ke ƙarƙashin huhu, sai a ji zafin a kafaɗa. Ban ce shi ne da ke ba. Daga wasiƙa ba wanda zai iya cewa shi ne ko ba shi ba ne, sai hoto da gwajin jini. Amma abu ne da ke kashe mace cikin sa'o'i idan ya fashe, kuma yana da magani idan an gano shi da wuri: wani lokaci allura kaɗai ta isa, wani lokaci sai an yi aiki.

Ƙwayoyin zubar da ciki ba sa taɓa irin wannan cikin ko kaɗan, ko da kin shanye kwali guda. Magungunan da likitoci ke amfani da su iri biyu ne. Na farko, mifepristone, an ƙirƙiro shi a Faransa a 1980, aka amince da shi a can a 1988, Amurka kuma a 2000. Aikinsa ya toshe sinadarin da ke riƙe ciki a mahaifa. Na biyu, misoprostol, asalinsa maganin gyambon ciki ne, daga baya aka lura yana tausasa bakin mahaifa, yana kuma sa ta murɗa ta turo abin da ke cikinta. Shi ne ma asibitoci ke ba wa matan da suka yi ɓari bai fita duka ba, da masu zubar jini bayan haihuwa. Kin ga duk aikinsu a kan mahaifa yake. Cikin da ke bututu suna wuce shi ne, ya ci gaba da girma, ita kuwa mace ta ga ɗan jini ta ɗauka ya fita. Ciwon da ya kamata ya kai ta asibiti sai ta ce ai na magani ne, ta yi ta haƙuri.

Idan maganin ya yi aiki yadda aka saba, cikin 'yan sa'o'i bayan misoprostol ciwon mara yake tasowa mai ƙarfi, jini ya zo fiye da na al'ada har da gudaji, a yi sa'o'i ana haka sannan ya lafa. Zazzaɓi mai sauƙi, rawar sanyi, gudawa da amai suna iya zuwa a ranar, su wuce kafin kwana ɗaya. Laulayi yakan daina cikin kwana ɗaya zuwa biyu, nauyin nono ya ɗan ƙara daɗewa. Jini kaɗan-kaɗan yakan ci gaba mako ɗaya zuwa biyu, wasu har wata. Naki bai bi wannan hanya ba. Kwana shida, jini bai kai na al'ada ba, tashin zuciya yana nan: ko cikin yana nan daram a mahaifa, ko yana wajenta, ko kuma abin da aka ba ki ba shi ne ake zato ba.

Wannan na ƙarshen ma ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayoyi a leda, ba suna ba ranar lalacewa, ke ba ki san mene ne ba, ƙawarki ma na tabbata ji ta yi an faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Misoprostol kuwa ko na gaske ne, da zarar an fitar da shi daga marufinsa ya sha iska mai laima, ƙarfinsa yana raguwa da sauri. In akwai ragowa ki tafi da su, da ledar, ki nuna wa likita.

Ga wani abin da ƙawarki ba ta tambaye ki ba, wanda shi ne tambayar farko da likita zai yi: cikin wata nawa ne? Ba ki sani ba, kuma ba laifinki ba ne, tun da ba al'adar da za ki ƙirga daga gare ta. Yana iya zama na sati 6, yana iya zama na sati 14. Laulayi ba ya faɗin kwanan wata. Yawan maganin da ake bayarwa, da tazarar da ake bari, da ko a gida za a yi ko sai an kwantar da mace, duk sun dogara ne a kan wannan lissafi. Iya girman ciki iya yawan jinin da za a zubar, da yiwuwar mabiyiya ta maƙale. Ke kuma ga ɗinkin tiyata a mahaifarki wanda bai shekara ba. A farkon ciki, tsohuwar tiyata ba ta cika kawo matsala da maganin ba. Amma idan ciki ya haura wata uku, mahaifa mai tabo da aka tilasta mata murɗawa tana iya yagewa a wurin ɗinkin. Ba kasafai ake samun haka ba, sai dai idan ya faru a ɗaki, babu jini babu ɗakin aiki, da wuya a kai labari. Akwai ma wani ciki, shi ma ba a cika samunsa ba, da ke dasuwa a kan tabon tiyatar kansa, kuma hoto ne kaɗai ke nuna shi. Shawarar "ƙara sha" a wannan hali harbi ne cikin duhu, kuma jikinki ne a gaban bindigar.

Ba zan tsoratar da ke da abin da ba gaskiya ba. Za ki ji ana cewa duk wadda ta sha wannan magani ta gama yawo, ba haka ba ne. Magungunan nan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005. Idan na gaske ne, an san kwanakin ciki, an tantance macen, kuma akwai asibitin da za ta garzaya in wani abu ya taso, suna kammala aiki ga sama da mata 95 cikin 100 a makonni goman farko, kuma waɗanda ke gamuwa da babbar matsala ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Misoprostol shi kaɗai bai kai haɗin biyun ba. To amma dubi sharuɗɗan da na lissafa, ki gaya min wanne kika cika. Ko ɗaya. Hukumar dai ta ce kusan kashi 45 cikin 100 na cikin da ake zubarwa a duniya ana yi ne ta hanya mai haɗari, kuma daga cikin waɗannan ne gawarwakin suke fitowa. Tantancewar da na ambata ba dogon abu ba ne. Ana tambayar mace ko tana da robar tazarar haihuwa a mahaifa, ko jininta ba ya daskarewa da wuri, ko tana shan maganin tsinka jini, ko ta daɗe a kan magungunan sitiyarod, ko tana da ƙarancin jini mai tsanani, ko ta taɓa yin ciki a wajen mahaifa. Mace mai goyon wata takwas da ta sha tiyata, sau da yawa jininta bai gama dawowa ba, abin da wata za ta zubar ta tashi ta ci gaba da aikinta ita yana iya kayar da ita.

Tun da na san akwai masu karanta wannan da suka sha suka yi shiru kamar ke, bari in faɗi alamomin da ba a kwana da su a gida. Jinin da ke jiƙa manyan audugar mata biyu sharkaf cikin sa'a ɗaya, ya yi haka sa'a biyu a jere. Jiri, bugun zuciya da sauri, gumi mai sanyi, tafin hannu ya yi fari. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni ya wuce kwana ɗaya bayan shan maganin, ko ya taso bayan kwanaki. Ruwa mai wari daga gaba. Ciwon mara da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko wanda maganin ciwo bai taɓa shi ba. Rashin ganin jini sam bayan kwana ɗaya. Akwai kuma wata cuta da ba a cika gani ba, wadda ƙwayoyinta ke shiga jini ba tare da zazzaɓi ba: mace ta ji kasala mai tsanani, amai, gudawa, ciwon ciki, kwanaki bayan komai ya kamata ya lafa. Duk wadda ta ji jikinta ya ƙi daɗi haka, kada ta jira zazzaɓi ya ba ta izini. Kada kuma a bi maganin da jiƙe-jiƙe ko a cusa wani abu a gaba don "ya ƙarasa fita", ta nan cuta ke samun ƙofa. Asfirin ma a bar shi, yana ƙara zubar jini.

Yanzu batun tsoronki. Na gane shi, ban raina shi ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A asibiti za a auna hawan jininki da bugun zuciya, a ɗebi jini a ga yawansa da rukuninsa, a yi hoton ciki. In an ga ragowar ciki a mahaifa, za a ba ki magani a ƙarƙashin kulawa ko a yi wankin ciki da wata 'yar na'urar zuƙa, aikin mintuna. In akwai cuta a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta. In rukunin jininki negatif ne, likita zai duba girman cikin ya ga ko kina buƙatar allurar da ke kare cikin gaba. Wannan kulawa iri ɗaya ce da wadda ake ba wa mai ɓari, a ɗaki ɗaya, da kayan aiki ɗaya. Dokar zubar da ciki ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu sun sassauta, wasu sun hana sai don ceton ran uwa. Amma tun taron Alƙahira na 1994 kan yawan al'umma, ƙasashen duniya suka amince cewa ko mene ne doka ta ce, macen da ta samu matsala bayan zubar da ciki a yi mata magani. Riƙe sirrin mara lafiya kuma wajibi ne a aikin likita.

Shawarata ki faɗa wa likita gaskiya, ke da shi ko ke da ita: na sha ƙwayoyi ranar kaza, guda kaza, ga ragowar. Sanin haka yana gajarta masa hanya. In bakinki ya yi nauyi a gaban mutane, ki ce kina son magana a keɓe, haƙƙinki ne. In ma kin kasa gaba ɗaya, to kada waɗannan su wuce ki tun a teburin farko: ina da ciki, ina zubar da jini, gefen dama yana ciwo, jiri yana ɗibata, an yi min tiyata wata takwas da suka wuce. Mai jin wannan ba zai bar ki a layi ba. Wataƙila ki haɗu da mai baƙar magana, ana samunsu a ko'ina. Ki shanye, ba don ita kika je ba.

Yana yiwuwa hoto ya nuna cikin yana mahaifa, yana raye. A nan kuma sai ki zauna da likita da kyau, don misoprostol da aka sha a farkon ciki yana ƙara yiwuwar a haifi jariri da naƙasa, musamman shanyewar jijiyoyin fuska da tawayar yatsu ko gaɓoɓi. Yawancin jariran da suka tsallake lafiya lau ake haifarsu, amma haɗarin ya fi na sauran, don haka irin wannan ciki yana son awo na kusa da hoto mai zurfi a tsakiyarsa. Ki kuma sani cewa hutun da likita ya ce ki yi shawara ce ta rage haɗari, bai ce duk cikin da ya shiga kafin shekara biyu ajali ne ba. Mata da yawa sun yi kwanika bayan tiyata, aka bi su da kulawa, aka tsara musu haihuwa a asibiti, suka sauka lafiya. Da wurinsa kika koma ranar da gwaji ya nuna layi biyu, da wannan zai fara gaya miki, ya auna halinki ke kanki. Ban faɗa don in ɗora miki laifi ba. Tsoro ne ya kai ki, kuma tsoron yana da tushe. Abin da ya shafi addini da lamirinki yana nan yana jiranki, za ki zauna da shi da wanda kika yarda da iliminsa idan kin warke. Yau ran uwar yara uku ake magana.

Maigida kuwa, ke kika san shi, ni ban san shi ba. In mutum ne da za ki iya faɗa wa ba tare da tsoron duka ko wulaƙanci ba, ni dai da za ki bi tawa, ki faɗa masa yau: cikin nasa ne, kuma idan aka ce a nemo jini ko a sa hannu a takardar tiyata, gara ya ji daga bakinki da ya ji a bakin ƙofar ɗakin aiki. Ba dole ki zazzage komai a tsaye ba, "ina da ciki, ina zubar da jini, kai ni asibiti" ya isa ya tayar da mota, sauran ya biyo baya idan kin samu kanki. In kuwa kina tsoron abin da zai yi miki, ki kira yayarki ko mahaifiyarki ko wata babba mai riƙe sirri. Ƙawar nan taki na san taimako ta nufa, amma kada ita ce mai yanke shawara a wannan tafiya. Abin da ya yi mata daidai sa'a ta ci.

Tambayarki ta biyu: a'a, maganin kansa ba ya hana haihuwa. Wadda ta sha ya fita lafiya, ba cuta ba ragowa, mahaifarta tana komawa yadda take, kuma bincike bai nuna yana jawo sankarar mama ba kamar yadda ake yaɗawa. Abin da ke hana haihuwa shi ne matsalar da aka bari ta kwana: ragowar da ta ruɓe, cuta ta haura ta toshe bututun ƙwai, ko jinin da ya ƙi tsayawa har sai an cire mahaifa don a ceci rai. Ko cikin wajen mahaifa ne aka cire bututu ɗaya, mata da dama suna ci gaba da haihuwa da ɗayan. Kin ga zaman gidan da kike yi don tsoro shi ne ke barazana ga haihuwar taki.

Ki ci gaba da ba wa yaronki nono, in magungunan nan biyu ne kika sha, abin da ke shiga nono daga gare su kaɗan ne ƙwarai. Gwajin fitsari kada ya ruɗe ki nan gaba, yana iya nuna ciki har wajen mako huɗu bayan ya fita, don haka maganar likita da hoto za ki bi. Kafin a sallame ki, ki tambayi tsarin tazarar haihuwa. Shayarwa tana kare mace ne idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Naki ya wuce wannan iyaka, mai yiwuwa shi ya sa cikin ya shiga ba sallama. Bayan ciki ya fita kuma ƙwai yana iya sauka cikin kwana 8 zuwa 10, tun kafin ki ga wata al'ada. Akwai ashanar da ake sawa a damtse, akwai allura, akwai ƙwayar da ta dace da masu shayarwa, akwai robar mahaifa idan an tabbatar babu cuta, kuma yawancinsu ana iya fara su a ranar. Ki ce a duba yawan jininki, in ya yi ƙasa a ba ki maganin ƙarin jini ki sha har ya cika.

Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Ki rubuto min abin da hoton ya nuna.